Yadda Sinadaran Homon ke Sarrafa Rayuwar Maniyyin Rago a Jikin Tunkiya

Duk wanda ya taɓa kiwon tumaki, ko da kuwa tunkiya ɗaya ce ake turkewa a bayan ɗaki, ya san cewa ba kullum tunkiya ke yarda da rago ba. Sai a yi mako biyu rago na bin ta tana gudunsa, sa'an nan rana guda a wayi gari ita ce ke neman inda yake, tana kaɗa wutsiya, ta tsaya cak ya hau. Kafin a yi kwana biyu ta koma halinta na da. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan. Abin da ido ba ya gani shi ne cewa canjin halin nan na waje alama ce kawai ta wani canji mafi girma da ke gudana a cikin jikinta, kuma wannan canji na ciki shi ne ke yanke hukuncin ko ƙwayoyin maniyyin ragon za su rayu har su tarar da ƙwai, ko kuwa za su halaka a hanya.

Sau da yawa idan tunkiya ta ƙi ɗaukar ciki akan ɗora laifin a kan rago, a ce ya tsufa ko ba shi da ƙarfi. Wani lokaci haka ne. Amma binciken da masana kimiyyar dabbobi suka yi tun daga shekarun 1940 ya nuna cewa rago ɗaya, da maniyyi iri ɗaya, yana iya ba da sakamako mabambanta ƙwarai, gwargwadon halin da sinadaran homon suka bar jikin tunkiyar a wannan rana.

Agogon kwana 17

Homon wani sinadari ne da wani sashe na jiki ke ƙerawa ya zuba a cikin jini, jinin kuma ya kai shi wani sashen da ke nesa domin ya isar da umurni. Ana iya kwatanta shi da ɗan aike. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar tunkiya akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira fitutari, wanda ke aika homon iri biyu zuwa gidajen ƙwai, masana na taƙaita sunayensu da FSH da LH. Na farkon shi ke sa 'yan jakunkuna masu kama da bororo su girma a jikin gidan ƙwai, kowace da ƙwai ɗaya a cikinta. Jakar da ta girma sai ta riƙa zuba homon mai suna istirojin a cikin jini. Idan istirojin ya yi yawa, tunkiya ta fara neman rago, fitutari kuma ya saki LH mai yawa a lokaci guda, wanda shi ke sa jakar ta fashe ƙwai ya fito.

A gurbin jakar da ta fashe sai wani tsiro ya fito, shi kuma aikinsa ƙera homon na biyu mai suna furojestaron. Wannan shi ne homon riƙon ciki. Yakan mamaye jikin tunkiya na kimanin mako biyu. In babu ciki, mahaifa takan saki wani sinadari mai suna furostagilandin ya rushe tsiron, furojestaron ya faɗi, istirojin ya sake tashi. Zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar kimanin kwana 17. A cikin kwanakin nan, lokacin neman barbara bai wuce sa'o'i 24 zuwa 36 ba, ƙwai kuma yana fitowa ne dab da ƙarshen wannan lokaci.

A nan ne lissafin ke matsewa. Ƙwan tunkiya ba ya kai cikakkiyar kwana ɗaya yana da amfani bayan ya fito. Ƙwayoyin maniyyin rago kuwa, a mafi kyawun yanayi, suna riƙe ƙarfinsu na sa'o'i 24 zuwa 48 a jikin tunkiya. Tunda barbara takan auku sa'o'i da dama kafin ƙwai ya fito, wajibi ne maniyyin ya sami inda zai zauna da rai ya jira. Jikin tunkiya ne ke samar da wurin, kuma ba ya samar da shi sai da izinin homon.

Wuyan mahaifa da majinarsa

Rago yakan zubar da maniyyi kimanin mililita ɗaya, wato ƙasa da rabin ƙaramin cokalin shayi, amma a cikin ɗan wannan ruwa akwai ƙwayoyi biliyan 2 zuwa 5. Yana zuba shi ne a ƙarshen farji, a bakin wuyan mahaifa. Farji ba wurin zama ba ne ga maniyyi. Mafi yawansa yakan kwararo waje, wani kuma fararen ƙwayoyin jini su cinye shi, domin a wurinsu baƙo ne kamar kowace ƙwayar cuta. Wanda zai tsira sai ya shige wuyan mahaifa da hanzari.

Wuyan mahaifar tunkiya kuwa ba miƙaƙƙen bututu ba ne. Tsawonsa ya kai santimita 4 zuwa 7, kuma a cikinsa akwai zobba na nama guda 4 zuwa 7 masu siffar mazurari, bakin kowanne yana duban waje, ramukansu kuma ba su daidaita da juna ba. A jikin bangonsa akwai lunguna da kwaruruka masu yawa. Dukan wannan wuri cike yake da majina, kuma yanayin majinar nan shi ne babban abin da homon ke sarrafawa.

A kwanakin da furojestaron ke mulki, majinar kaɗan ce, mai kauri da danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Takan toshe hanya, ta hana ƙwayoyin cuta shiga mahaifa, ta kuma hana maniyyi. Da istirojin ya karɓi mulki sai majinar ta yawaita, ruwa ya ƙaru a cikinta, ta yi yauƙi irin na miyar kuɓewa, har ana iya jan ta tsakanin yatsu biyu ta miƙe ba ta tsinke ba. Yauƙin nan ba banza ba ne. Majinar ta ƙunshi dogayen zaruruwa na furotin, kuma sa'ad da take kwarara daga bango zuwa waje zaruruwan kan jeru layi-layi. Wani masani a ƙasar Ostireliya mai suna P. E. Mattner ya nuna a shekarun 1960 cewa ƙwayoyin maniyyi masu rai suna bin waɗannan layuka ne, su yi iyo suna tunkarar kwararar, har su isa lungunan bango su fake a can. Matattu da marasa ƙarfi kuwa sukan tsaya a tsakiyar hanya, inda fararen ƙwayoyin jini suka fi yawa, majina ta kwaso su ta fitar. Ashe wuyan mahaifa rariya ce kuma rumbu ne a lokaci guda: yana tace maniyyi, yana kuma adana wanda ya tace yana sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa mahaifa na tsawon sa'o'i masu yawa.

Masu ɗura wa tumaki maniyyi da na'ura suna amfani da wannan sani. A farkon neman barbara majinar garai take kamar ruwa, a tsakiya takan yawaita ta yi hazo-hazo, a ƙarshe kuma ta yi kauri kamar kindirmo. Sun lura cewa lokacin tsakiyar ya fi dacewa, in ta riga ta yi kauri an makara.

Bayan majina, istirojin yana kuma sa tsokar mahaifa ta riƙa motsi tana matsewa tana saki, wanda ke taimakawa wajen tura maniyyi gaba. Ƙwayar maniyyi ƙarama ce ƙwarai, iyonta kaɗai ba zai kai ta inda za ta a kan lokaci ba.

Zaman jira a bututun ƙwai

Daga biliyoyin da rago ya zubar, dubbai kaɗan ne ke isa bututun ƙwai, wato siririyar hanyar da ta haɗa mahaifa da gidan ƙwai. Wani masani a Jami'ar Edinbara mai suna R. H. F. Hunter, shi da abokan aikinsa, sun yi wani gwaji mai sauƙin fahimta a farkon shekarun 1980. Sukan bari rago ya hau tunkiya a farkon neman barbara, sa'an nan su yi mata fiɗa su ɗaure bututun ƙwai a wani lokaci da suka ƙayyade, daga baya su duba ko ƙwan ya haɗu da maniyyi. Da suka ɗaure a daidai mashigar bututun, sai suka gano cewa ana bukatar sa'o'i 6 zuwa 8 bayan barbara kafin isasshen maniyyi mai amfani ya shiga. Da suka matsa ciki da kimanin santimita 2 suka ɗaure, sai suka ga abin mamaki: ko da an daɗe bayan barbara, maniyyin bai wuce wurin ba. Yakan tsaya a wannan ɗan gajeren sashe har sa'o'i 17 zuwa 18, sai dab da fitowar ƙwai sa'an nan ya ci gaba.

A wurin zaman nan ƙwayoyin kan liƙa kawunansu a jikin bangon bututun, motsinsu ya ragu, ta haka su tanadi ƙarfinsu. Akwai dalilin da ya sa wannan jinkiri ke da muhimmanci. Tun a shekarar 1951 masana biyu, C. R. Austin da M. C. Chang, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa maniyyi sabon zubowa ba ya iya huda ƙwai sai ya yi wasu sa'o'i a jikin mace ya nuna. To amma ƙwayar da ta riga ta nuna ba ta daɗewa a raye. Idan duka suka nuna tun ƙwai bai fito ba, za su mutu kafin ya iso. Saboda haka bututun yakan riƙe su a natse, ya sake su ƙanƙan-ƙanƙan a daidai lokacin da canjin homon ke fasa jakar ƙwai. Umurni ɗaya ne ya saki ƙwai ya kuma saki maniyyi.

Darasin makiyayar Ostireliya

Mai karatu zai iya zaton cewa tunda istirojin ne ke buɗe hanya, to ƙara shi zai ƙara haihuwa. Manoman Yammacin Ostireliya sun koyi akasin haka da tsada. A can an shuka wata ciyawa mai suna kuloba, dangin wake da gyaɗa, domin ta gyara ƙasa ta kuma ciyar da tumaki. A farkon shekarun 1940 sai haihuwa ta faɗi ƙwarai a garkuna da yawa. Wasu tumakin sukan kasa haihuwa, wasu mahaifarsu ta zazzago, har ma aka ga nono yana fita daga tumakin da ba su taɓa haihuwa ba da raguna dandaƙaƙƙu. A shekarar 1946 masana uku, Bennetts da Underwood da Shier, suka wallafa bayanin cutar, suka danganta ta da ciyawar.

Daga baya aka gano cewa wasu nau'o'in kuloba suna ɗauke da sinadari mai suna fomononetin, wanda ƙananan halittun cikin tumbin tunkiya ke juyawa ya zama wani sinadarin mai suna ikwal, shi kuma yana aiki a jiki kamar istirojin. Tunkiyar da ta yi shekaru tana cin ciyawar takan ci gaba da neman rago tana kuma fitar da ƙwai kamar kowa, amma ba ta ɗaukar ciki. Da aka ƙirga maniyyi a jikin irin waɗannan tumaki a shekarun 1960, sai aka tarar kaɗan ne ke zama a wuyan mahaifa, wanda ke isa bututun ƙwai kuwa bai taka kara ya karya ba. Wuyan mahaifar ya sauya siffa, lungunansa sun shafe, majinar ta zama tsararo ba yauƙi, babu layukan da maniyyi zai bi. Wannan lahani ba ya warkewa ko an janye tunkiyar daga ciyawar. Ragunan da ke kiwo tare da su kuwa haihuwarsu ba ta taɓu ba. Maganin da aka samu shi ne zaɓen irin kuloba mai ƙarancin sinadarin. Ya kamata a lura cewa cutar ta wasu nau'o'in kuloba ce, ba ta dukan dangin wake ba, don kada wani ya karanta wannan ya tsorata da harawar gidansu.

Soso mai homon

Kuskure na biyu ɗan Adam ne ya jawo shi da hannunsa, kuma da kyakkyawar niyya. Mai garke babba yana son tumakinsa su nemi barbara a lokaci guda, domin su haihu tare a lokacin da abinci ke wadace, ko domin a ɗura musu maniyyin zaɓaɓɓen rago a rana ɗaya. A tsakiyar shekarun 1960 T. J. Robinson na Jami'ar Sidni ya fito da dabarar jiƙa ɗan soso da sinadari mai aiki irin na furojestaron, a sa a farjin tunkiya na kwana 12 zuwa 14. Muddin soson na ciki ba za ta nemi rago ba. Da an zare shi, sai garken duka ya nemi barbara cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Dabarar ta yaɗu a duniya, kuma a nan gida ma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta gudanar da gwaje-gwajen daidaita lokacin barbara a kan tumaki 'Yankasa.

Amma tun da wuri aka lura cewa yawan ɗaukar ciki a barbarar farko bayan zare soso bai kai na barbarar da ta zo da kanta ba. Robinson da Quinlivan sun wallafa ƙidayar da suka yi a shekarar 1969, wadda ta nuna ƙarancin maniyyi a jikin tumakin da aka sa wa soso. A Amurka kuma H. W. Hawk, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta gwamnati da ke Beltsbil, ya bi diddigin al'amarin a shekarun 1970. Ya tarar cewa a irin waɗannan tumaki ƙwayoyin maniyyi da yawa suna mutuwa tun a wuyan mahaifa, wasu ma kawunansu sun rabu da wutsiyoyinsu, kuma bayan kwana ɗaya waɗanda suka isa bututun ƙwai sun gaza na sauran tumaki nesa ba kusa ba. Tunkiyar tana nuna duk alamun neman rago, amma cikinta bai gama shiri ba. Homon na soso bai sauka a irin tsarin da na jiki ke sauka ba, don haka majina da motsin mahaifa suka saɓa da lokacin fitowar ƙwai.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. Furojestaron ba maƙiyin maniyyi ba ne kai tsaye. Hasali ma sai ya fara ratsa jikin tunkiya kafin istirojin ya iya sa ta nuna neman rago, shi ya sa ƙwan farko da budurwar tunkiya ke fitarwa yakan wuce shiru ba wanda ya sani. Abin da ake bukata shi ne ɗaya ya zo ya tafi, ɗayan ya biyo baya a kan kari. Masu amfani da soso sun koyi rage asarar ta hanyoyi masu sauƙi. Sukan yi wa tunkiya allurar wani homon a ranar zare soso domin ƙwai ya fito a lokacin da aka sani, su ƙara yawan maniyyin da ake ɗurawa, ko su sa rago ɗaya ga tumaki kimanin 10 maimakon 30 ko fiye. Tunkiyar da ta kuskure a zagayen farko kuwa, a zagaye na biyu jikinta yakan koma daidai.

Matsalar ta fi tsanani ga maniyyin da aka daskarar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Daskarewa na gajarta rayuwarsa, ta kuma rage masa ƙarfin ratsa majina. A jikin saniya akan wuce da bututun ɗuri ta wuyan mahaifa, amma zobban tunkiya ba sa barin haka. Shi ya sa a shekarar 1982 Killeen da Caffery a Ostireliya suka fito da hanyar huda cikin tunkiya da siririn madubi a zuba maniyyin a cikin mahaifa kai tsaye. Ƙasar Norwe ce ta fita daban: a can manoma da kansu suke zuba daskararren maniyyi a farjin tumakinsu, kuma fiye da rabi suna ɗaukar ciki. Binciken haɗin gwiwa da masana na ƙasar Ayaland suka jagoranta ya nuna cewa majinar wuyan mahaifa ta bambanta daga irin tunkiya zuwa wani irin, kuma irin Safok na Ingila yana cikin masu wuyar ratsawa.

Ɓangaren rago

Kafin maniyyi ya bar jikin rago ma a hannun homon yake. LH na sa maraina su ƙera testostaron, wanda in babu shi ba a ƙera maniyyi. Ƙera ƙwaya ɗaya yana ɗaukar kimanin mako 7, sa'an nan ta yi kusan mako 2 tana ratsa wani nannaɗaɗɗen bututu da ke manne da maraina, mai tsawon kimanin mita 50, inda take koyon iyo kuma a adana ta. Bututun nan ba ya iya riƙe maniyyi da rai sai da testostaron.

A ƙasashe masu sanyi tsawon dare ne ke juya wannan tsari, ta hanyar homon mai suna melatonin, don haka tumakinsu suna da kakar barbara. A ƙasar Hausa bambancin tsawon rana tsakanin damina da hunturu bai kai sa'o'i 2 ba, saboda haka 'Yankasa da Uda da Balami suna barbara a kowane wata. Abin da ya fi damun ragunanmu shi ne yunwar rani da zafin bazara. Maraina suna bukatar su fi jiki sanyi da digiri 4 zuwa 5, kuma ragon da ya sha zafi mai tsanani ko zazzaɓi, illar ba ta bayyana a maniyyinsa sai bayan makonni, ta kuma ɗauki kusan wata biyu kafin ta gushe. Ragon da aka turke a rana a watan Afrilu yana iya kasa ba da ciki a watan Mayu alhali yana nan da ƙibarsa.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga waɗannan abubuwa da idonsu ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ya je kwata da sassafe ya roƙi mahauta su ware masa mahaifar tunkiya da gidajen ƙwanta, guda uku ko huɗu. A tsaga wuyan mahaifar a tsaye da reza, a ƙirga zobban, a gwada zura tsinken tsintsiya a wanda ba a tsaga ba a ga inda zai tsaya. Daga nan a duba gidajen ƙwai. In an ga tsiro mai tauri, ja-ja ko mai launin nama, ya ɓullo a jiki, furojestaron ne ke mulki, kuma za a tarar majinar kaɗan ce mai danƙo. In kuwa babu tsiron sai babbar jakar ruwa garai, a ɗebi majinar a ja ta tsakanin yatsu a auna tsawon da za ta kai kafin ta tsinke. A sa safar hannu, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama, domin wasu cututtukan tumaki, kamar bakkale, suna kama mutum ta wannan hanya.